Alƙasim da Wutar Ramin Bayan Likita

Kafin mahautan Tamaske su gama fiɗa da safe, Alƙasim yana tsaye bayansu da jakinsa, yana jiran su juye masa abin da ke cikin tumbin shanu. Daga nan sai turakun awaki, sai kasuwa, inda yake tsince ruɓaɓɓiyar albasa da ɓawon kabewa. Mutane suna toshe hanci in ya wuce. Shi kuwa sai ya kai kayansa bayan gidan likita, ya dama da ruwa, ya zuba cikin ramin da ya gina da dutse. A kan ramin akwai gangar ƙarfe a kife. Iskar da ruɓar ke fitarwa tana taruwa a cikinta, ta biyo tiyo ta shigo ɗakinmu, a ƙyasta mata ashana ta kama. Ni Isufu, mai yi wa mutane allura a gidan, a kan wannan shuɗiyar wuta nake tafasa kayan aikina.

Soji aka ɗauki Alƙasim a farkon yaƙin Jamus, aka kai shi Aljeriya. Bai riƙe bindiga sosai ba, kwasar kashin alfadarai aka sa shi a wata gona. Can ya ga irin wannan rami. Ya dawo da tari a ƙirji, da abin da idonsa ya gani. Lokotoro, wato babban likitan da ke zagayo mana lokaci-lokaci, ya saurare shi, ya samo masa ganga da tiyo. Kafin nan itace ne damuwarmu. Wanda ya san duwatsun Adar ya san irin nisan da mata ke yi kafin su haɗa ɗauri guda, kuma ranar da babu itace, babu tafasasshiyar allura.

Bazarar bara waccan sanƙarau ya shigo gari. Rumfarmu ta cika, har muka shimfiɗa tabarmi a jikin katangar ramin. Yara ne suka fi yawa, wuyansu a sanƙare, ba mai iya ko juyawa. Ana cikin haka, wata safiya wutar ta ƙanƙance, ta yi ja, ta mutu, alhali alluran ba su tafasa ba.

Alƙasim ya ƙwanƙwasa gangar, ya kasa kunne. Ya ce, “Saman ramin ya yi ɓawo, ya toshe. Sai an ɗaga ganga an fasa shi. Isufu, kashe kowace wuta. Ko taba kar wani ya kunna.”

Shi da matarsa Kaltume suka sa itace suka ɗaga gangar. Ko ganye ba ya motsi ranar, iskar ramin ta tsaya cik a wurin, har idona yana yaji. Ya riga ya gaya mini cewa in ta gauraya da iskar waje, tartsatsi ɗaya ya isa.

Sai muka ji hayaniya. Jika mahauci ne, wanda kullum yake juye wa Alƙasim tumbi. Da safen nan ya binne ɗiyarsa Fatsima. An daɗe ana raɗe-raɗin cewa warin ramin ne ya jawo cutar, ga shi ya taho daga maƙabarta da mutane a bayansa, da damin kara yana ci da wuta a hannunsa.

Alƙasim ya yar da sandarsa ya tare hanya. “Jika, tsaya nan. Don Allah kak ka matso.”

“Kauce mini! Wanga rami shi ya kashe mini ɗiya. Yau sai na ƙone shi.”

“In wutag ga ta kai bakin ramin, ba shi kaɗai za ya tashi ba. Dubi ɗiyan mutane kwance.”

Jika bai duba ba. Idonsa jawur, yana ta matsowa. Na juya in ɗauki yaro ko ɗaya, na rasa wanda zan fara ɗauka. Uwaye suka fara salati. Na ga ƙurar wuta tana zuba daga karan, tana faɗuwa kusa da katanga.

Alƙasim ya yi tsalle ya cim masa. Ya kai hannu biyu ya damƙe damin ta inda yake ci, ya fizge, ya ruga da shi waje, ya danne shi cikin yashi da ƙirjinsa. Bai tashi ba sai da hayaƙi ya daina fita. Da ya ɗago hannuwan, Kaltume ta yi ƙara ta rufe fuska. Jika ya zube a ƙasa yana kiran sunan ɗiyarsa. Waɗanda suka biyo shi suka sulale ɗaya bayan ɗaya.

Ina naɗe wa Alƙasim hannu yana rawar sanyi, amma bakinsa yana wajen Kaltume: “Fasa ta gefe tukuna. A hankali. Kada ƙarfe ya gogi dutse.” Ita ta gama aikin. Ranar bencin da nake zama a kai muka faskara, na tafasa allurai can nesa a gindin bishiyar bedi. Washegari da azahar wutar ta dawo. Ba duk yaran suka tashi ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma waɗanda suka tashi suna nan, wasu har sun fara bin iyayensu gona.

Da gardin kumandan, wato dogarin Baturen mulki, ya zo tambayar wanda ya kawo wuta, Alƙasim ya ce, “Mutum ne da ya binne ɗiyarsa. Ba ni da ƙara.”

Alƙasim, kai ne ka ɗauki abin da kowa ke kauda kai a kansa, ka mai da shi wutar da ta yi mana jinya. Kai ne aka yi wa laƙabin ƙazanta a kasuwa, ba ka taɓa tankawa ba. Namijin Kaltume, mai hannun da bai ja da baya ba. Ban san yadda ake biyan irin wannan ba, sai dai in ce mun gode, kai da Kaltume. Allah Ya saka muku, Ya sassauta maka tarin nan.

Yatsunsa sun ƙanƙame tun daga ranar, ba ya iya riƙe sanda, tarin kuma ya ƙaru. Da an gama girbin hatsi zai koma wajen danginsa a Karofane. Ya ce duk mai son koyo ya zo, zai nuna masa komai, daga damawa har sauraron ganga. Har yau da nake wannan rubutu ba wanda ya zo.

Jama'ar Tamaske, aikin akwai wari, akwai haɗari, ba kuma wanda zai yi maka kirari a kansa. Amma bazara za ta sake zagayowa, kuma ba wanda ya san ɗan wa za a shimfiɗe a rumfar nan. Gero ya riga ya fara nuna. Gobe da safe Alƙasim yana bakin rami, yana jira.