Ranar da Aka Karrama Kawu

Ƙanen mahaifiyata ne. Aikin gwamnati ya kai shi Legas tun yana saurayi, a can ya koyi wani wasa da babu wanda ya san shi a Haɗeja. Baƙin ƙwallo ne mai nauyi ake mirginawa a kan gajeriyar ciyawa, ya tafi yana lanƙwasa, wanda nasa ya fi kusa da wani ɗan farin ƙwallo shi ya ci. Wannan wasa ya kai Kawu Ingila da Malesiya da Afirka ta Kudu da rigar ƙasa a jikinsa. In ya kira waya, mahaifiyata takan ce, "To, Allah ya ba da sa'a," sannan ta tambaye ni a gefe ko har yanzu mirgine-mirginen nan yake yi.

Da gwiwa ta hana shi, ya dawo gida noman shinkafa wajen Auyo. Sai wani mai neman kujera ya ji labarin akwai ɗan gari da ya buga wa ƙasa wasa, ya aiko a ce za a karrama shi. Kawu ya sa aka goge farar rigarsa. Ni na riƙe masa jakar ƙwallayen a cikin a-daidaita-sahu.

Ashe mutumin ya ɗauka ɗan ƙwallon ƙafa ne. Da aka raɗa masa gaskiya, na ga fuskarsa ta sauya. Ya karɓi lasifika ya ce, "Baba, zo ka nuna mana abin da ka je har Turai kana yi."

Filin makaranta ne, duk rairayi da kashin awaki. Kawu ya ce masa a hankali, "Ranka ya daɗe, a nan ba zai gudu ba."

"Gwada dai."

Ya durƙusa da wannan gwiwa tasa ya saki ƙwallon. Bai je ko'ina ba ya nutse a rairayi. Taro ya kwashe da dariya, har da waɗanda Kawu ke gaisawa da su a masallaci. Wani ɗan koren mai neman kujerar ya ɗauki ƙwallo ɗaya yana jinjinawa, yana cewa zai yi kyau wajen fasa goriba. Shi kuwa mai gayya ya karɓi lambar yabon da Kawu ya ciyo a wasa ya rataya wa kansa a wuya, ya yi hoto yana washe baki, miyar kifi ba ta gama bushewa a haɓarsa ba. Na tofar da yawu a bayan rumfa.

Muka kamo hanyar gida har muka zo gada. A nan Kawu ya tambaye ni ko na ci abinci a wurin. Na ce ban iya ba. Ya ce da direba ya tsaya, ya saya mana gasasshen kifi, muka ci a tsaye.