Ludayin Hajiya Tayyiba

Ranar da na kama aikin ɗanɗanon koko, da ƙonannen harshe na isa ofis. Na kurɓi ludayi guda ban hura ba, na yi tsalle, ragowar ya sauka a gaban farar rigata. Haka na shiga motar Abuja, kwandasta yana tambayata ko yaye ni ake yi.

Mai kokon ita ce Hajiya Tayyiba, da ke zama a bakin tasha tun kafin mu, 'yan haya, mu cika Suleja. Duk ma'aikacin da ke sammakon Abuja a 1994 ya san bencinta. Ita 'yar gari ce, jinin Zazzau, ni kuwa Bakano, don haka ba ma gaisawa sai da tsiya.

Ciwon sukari ya kama ta a shekarar. Duk Laraba ta biyu, in ta sallami masu sammako, sai ta bar wa 'yarta tukunya, ta je wani ƙaramin asibiti a unguwar Magajiya a ɗebi jini a yatsanta a gwada kafin ta karya. Ta bi duk abin da nas ɗin, Sista Adenike, ta ce: ta rage tuwon dare, tana ci da wuri, tana zaga unguwa bayan ta ci, ƙwayarta kuma ba fashi. Amma kullum sukarin safe yana sama. Daga ƙarshe likita ya ce in gwaji na gaba bai sauka ba, allura za a koma, kullum. Matar da ke tsamo ƙosai mai yana fallatsar mata ko ƙiftawa ba ta yi, amma in ta ga allura sai salati.

Wata Laraba ina jiran mota ta cika, na zuba mata ido. Ta dama koko, ta kurɓa. Ta ƙara tsamiya, ta kurɓa. Wani ya ce sukarinsa bai ji ba, ta ɗiba a ludayi ta tabbatar. Sau bakwai na ƙirga.

Na ce, "Hajiya, ba yau ne gwaji ba?"

"Yau ne. Ko ruwa ban sha ba."

"Wannan ludayin fa?"

"Kai Bakano, ɗanɗano ai ba ci ba ne. Aiki ne."

Da yamma Sista ta biyo ta tasha, na fesa mata. Ta dafe kai: "Mama, wata huɗu kina ce mini ba ki ci komai ba!" Nan take ta yanke hukunci: ludayi ya bar bakin Hajiya, ranar gwaji da sauran ranaku. Hajiya ta ce ba za ta sayar da abin da ba a ɗanɗana ba. Sai na miƙa kaina, saboda Allah.

Mako biyu ina wannan hidima. Laraba ta zo, aka gwada: sukari ya sauka. Bai kai inda ake so ba, amma an ɗage maganar allura.

Washegari na zauna a benci ina hura hanci. Na ce, "Hajiya, harshen Bakano ne ya cece ki. Ba godiya?"

Ta karɓe kwanon da ke hannuna, ta leƙa cikinsa.

"Ni da ludayi nake ɗanɗanawa sukarina ya hau. Kai da kake yi da kwano, na riga na gaya wa Sista. Laraba kai za ka miƙa yatsa."