Jinin da ya dawo wa Inna

Inna, mahaifiyata, ta kai shekara bakwai da daina al'ada lokacin da abin ya faru. Ni ina aure a Gaya, ita tana Toranke tare da Baba, na je ne kawai in taya ta tsinkar gyaɗa na kwana biyu.

Aka kira azahar, ban ga ta ɗauki buta ba. La'asar ma haka, matar da ko zazzaɓi ba ya hana ta nafila. Da muka koma rumfa da kwandunanmu na ce, "Inna, lafiya kuwa? Ban ga kin yi salla ba."

Ta ci gaba da tsinka, ba ta dube ni ba. "Baƙon wata ne ya dawo min."

"Tun yaushe?"

"Tun farkon damina. Ya zo, ya ɗauke, ya sake zuwa."

Wata huɗu ke nan tana shan jiƙe-jiƙe a ɓoye, ko Baba bai sani ba. Na tsorata, don wata maƙwabciyata da haka nata ya fara, ta yi ta ɓoyewa har ciwon daji ya ci ƙarfinta. Ban gaya wa Inna wannan ba, na dai ce gobe sai asibiti. Ta ce ita da jikoki goma ba za ta je sa'an ɗan cikinta ya buɗe mata zane ba. Sai da na kai maganar gaban Baba. Ya ce mata, "Ki bi ta ku je. Gyaɗa ba inda za ta."

Da safe muka hau babur zuwa Gaya. Allah ya taimake ni, likitar mace ce. Aka yi hoton ciki, ta ce bangon cikin mahaifar ya yi kauri fiye da yadda ya kamata ga mai shekarun Inna, sai mun je Kano an ɗan gutsiro an gwada. Inna abu ɗaya ta tambaya: "'Yar nan, al'ada ce ko ba ita ba ce?"

"Ba ita ba ce, Mama. Jinin ciwo ne."

A masallacin asibitin ta yi azahar ranar.

A Kano suka ɗauki abin da za su ɗauka, suka ce mu dawo bayan sati biyu. A gidana ta zauna. Abinci sai ta ɗan taɓa ta ture, amma ta wanke min tukwane har waɗanda ba na amfani da su. Wata safiya tana shara ta ce idan ta Allah ta kasance, akuyoyinta na ƙanwata ne. Na yi mata tsawa, abin da ban taɓa yi ba, na shige ɗaki.

Ranar da muka koma, likitan ya karanta takardar, ya ɗago ya ce, "Ba daji ba ne. Wani ɗan tsiro ne a cikin mahaifar, shi ke zubar da jinin. Za mu cire shi, ba sai an tsaga ciki ba."

Muka fito. Na zauna a benci ina kuka da ƙarfi. Inna ce ta tsaya a kaina tana gyara min mayafi. "Ke, tashi mana, mutane na kallonmu."

A tasha ta ce yunwa take ji. Na sayo mata gurasa da tsire, ta cinye tas kafin motar ta cika, ta sa aka ƙaro ruwan leda biyu.

Bayan kwana goma aka cire tsiron, ta kwana ɗaya aka sallame mu. Jinin bai sake dawowa ba. Tun daga lokacin mata uku ta turo min daga Toranke, kowacce da saƙon baki cewa in raka ta wajen likitar nan mace.