Na'urar da ke bayan ɗakin magani

Shekarun baya, ina sabuwar shiga wani ƙaramin kamfani a Abuja, oga ya ba ni aikina na farko ni kaɗai. Wani asibitin kuɗi ne a Gwagwalada ke son a ɗora masa sabon rumbun bayanai, inda sunayen marasa lafiya da magungunansu za su zauna. Oga ya faɗa mini kai tsaye: in abin ya tashi lafiya, aikin ya zama nawa, in ya ƙi, in koma rubuta rahoto.

Irin wannan manhaja a rubuce take zuwa, sai an bi da ita ta kompaila, wato abin da ke mayar da rubutun ya zama wanda na'ura za ta iya gudanarwa. Kompailan kuma akwai tsoho, akwai sabo fil.

Wani abokin aikina ya ce sabon zan ɗauka. "Ya fi gudu, kowa shi yake yayi. Ke dai Malama mai waƙoƙi, har kompaila ma sai tsoho?"

Na yi dariya, don gaskiyarsa ce, ni ce mai zama tana kallon ruwan sama ta taga har shayi ya huce. Amma na ce ba zan zaɓa ba sai na ga inda manhajar za ta zauna.

Na shiga mota har Gwagwalada, da takalmina mai tsini kamar mai zuwa biki. A wani ɗan ɗaki bayan wurin ba da magani na sami kwamfutar asibitin, fanka na kaɗa mata iska. Tsohuwar na'ura ce, tsarin cikinta ma tsoho, kuma asibitin ba su yarda a taɓa shi ba, saboda sauran ayyukansu a kansa suke. Abin da sabon kompaila zai gina zai nemi wasu kayan da babu su a cikinta.

Da na dawo na bayyana musu cewa tsohon kompaila ne zai yi, abokin aikina ya ce tsoro ne kawai. Oga ya ce, "To kowa ya gina nasa, a kai can."

A ofis nasa ya fi nawa sauri. A asibitin kuwa nasa ko tashi bai yi ba. Nawa ya buɗe a hankali, mai ba da magani ta nemi sunan wata tsohuwa da ke jira a benci, ya fito.

"Shi ke nan," in ji abokin aikina. "Amma takalmin nan dai bai dace ba."

Aikin ya zama nawa. Har yau ina son sabbin abubuwa, nakan gwada su a kwamfutata da ɗoki. Sai dai duk wanda ya tambaye ni wane kompaila ya fi, nakan ce ya fara kai ni in ga na'urar.