Layin da Na Ƙara wa Kauri

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma. Da hantsin Talata, sha huɗu ga Maris, ina tsaye gaban injin buga takardu, 'yarka ta kira ni ta ce ka rasu. Na kashe injin, na zauna a kan kwalin takarda. Abin da ya fara faɗo mini a rai shi ne mun rabu kana fushi da ni, ban kuwa nemi gafararka ba.

Shekara goma sha tara kana zana wa 'yan kasuwa tambari, ni ina bugawa. Mai Zare muke ce maka, don layin zanenka siriri ne, kuma ba ka ɗaga fensir sai ka kai ƙarshe. Kullum ina yi maka tsiya cewa abin da kake gogewa ya fi abin da kake zanawa yawa. Mai gidan burodi ya zo yana son alkama da tanda da fitowar rana duk a tambari guda. Ka saurare shi har ya gaji, sannan ka ba shi lanƙwasa ɗaya tal mai kama da bayan burodi. Ya fita yana gunaguni. Yau tun daga nesa ake gane motarsa.

Ban manta da matar nan mai sabulu da mijinta ya rasu ba. Ganye ɗaya ka zana mata kyauta, ka fitar mata da shi iri huɗu: na allon shago, na leda, na ƙaramin kati, da fari a kan baƙi.

Mako uku da suka wuce aka kawo tsuntsun da ka zana wa wani kanti, a yi masa hatimin roba. Layin ya yi wa roba siriri, tawada sai ta dagule. Na ƙara masa kauri ban faɗa maka ba. Ka shigo, ka ɗaga hatimin ka duba, ka ce, "Wa ya ciyar mini da tsuntsu har ya yi ƙiba?" Na yi dariya, kai ba ka yi ba. Ka juya ka fita. Girman kai ya hana ni bin ka, na ce gobe, na ce jibi. Ashe ciwo ya riga ya kwantar da kai.

Jiya 'yarka ta miƙo mini ambulan, ta ce, "Baba, a teburinsa na gani, naka ne." Tsuntsun ne, ka sake zana shi da hannunka, layinsa har ya fi nawa kauri. A ƙasa ka rubuta: "Na hatimi. Ka fi ni sanin roba."

Wallahi na yi kuka, abokina. Ni ke da laifi, amma kai ka fara miƙo hannu.

Ina yi wa mai ɗakinka da 'ya'yanka da 'yan'uwanka ta'aziyya, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka, Ya yafe maka kamar yadda ka yafe mini tun ban roƙa ba.