Hannuna da Hannun Abokina a Bakin Tsagar Abhur

Shekarun baya can, tun Abhur, can arewacin Jidda, ba ta da komai sai yashi da masunta, aka yi wata guguwa a Jidda da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Lokacin ina saurayi, ina sayar da yadi a kasuwar Balad, ko iyo ban iya ba.

Kawuna masunci ne, da jirginsa guda yake ci da gida. Yana ajiye shi a wani lungun ruwa, bayan wani dogon tsibirin yashi. Guguwar nan ta toshe tsohuwar mafita, ta kuma tsaga tsibirin a wani wuri daban. Yashi kuwa kullum sai zubowa yake cikin tsagar. In ta rufe, jirgi ya zama itacen girki.

Mahaifiyata ta ce, "Kai da aikinka awo ne, je ka auna wa ɗan'uwana ruwan nan." Na ja abokina, maƙwabcin shagona, wani dogo kamar bishiyar dabino. Ni kuma, to, Allah bai ba ni tsawo ba.

Muka raba aiki irin na 'yan kasuwa. Shi ya auna zurfin cikin jirgi a ruwa da gora, ya gwada da hannunsa, ya ce kamu biyu. Ni aka ɗaura min igiya a ƙugu, na shiga tsagar ina ta salati, na caka tawa gorar, na gwada da nawa hannun. Kamu biyu har da rara! Na ce wa kawu da ɗan Larabcina, "Ya khali, yalla, halas, hanya a buɗe take."

Muka tura. Jirgi ya je bakin tsaga ya zauna daram a kan yashi. Da ƙyar muka janyo shi baya.

Kawu ya matso. Ya kamo hannuna, ya kamo na abokina, ya jera su gwiwa da gwiwa. Yatsuna ko tafin abokina ba su wuce ba. Ya ce, "Haka kuke yi wa mutane a shago? Wannan ya saya, wannan ya sayar?"

Abokina ya ce, "Wallahi kawu, shi ya sa ya fi ni riba."

Sai muka koma gora ɗaya. Na yage bakin rawanina, na ɗaure a daidai inda ruwa ya tsaya wa jirgi, muka kafa ta a inda tsagar ta fi tudu. Ruwa bai kai ƙyallen ba, saura kamar faɗin tafi. Tekun Jidda kuma ba ya cika sosai, ɗan tashi yake ya koma. Muka sauke taru, anga, har tulun ruwa, don jirgi ya yi sauƙi.

Muka zauna muna shan lemo, muna jefa ɓawon a tsagar. In ya yi ciki, ruwa na shigowa ke nan. Haka ya yi ta shiga, ruwa na hawa gora a hankali. Bayan la'asar na jefa wani, sai ya tsaya yana juyi wuri ɗaya. Na duba, ƙyalle ya jiƙe.

Na kwarma ihu, "Yanzu! Zai juya!"

Muka sa kafaɗa. Na ji ƙasan jirgi yana gogar yashi, ƙurrr. Sai ruwan da ya fara komawa ya ɗauke shi, ya fice teku. Ni kuwa na faɗi rub da ciki, na sha gishiri har na ƙoshi, na taso ina dariya. Kawu yana kan jirgi yana ta kabbara.

Ba a jima ba tsagar ta rufe kamar ba a taɓa yi ba. Har yau in na ga mutum biyu suna rantsuwa a kan awo, sai na fara duba hannayensu. Kawu kuwa, Allah Ya jiƙansa, bai daina sayen yadi a shagona ba. Amma in na ɗauko zan auna, sai ya ce, "Ajiye. Kira min mai dogon hannu."