Ramin da Baba ya huda

Shekaru sun ja, amma har yau ban manta da shekarar da na binne ɗanyar ciyawa a bayan gidanmu ba, kuma ba na jin zan manta.

Lokacin ina shekara ta biyu a makarantar koyon aikin gona, na zo hutu ƙauyenmu da ke kusa da Yankara. Shanunmu shida ne. A da ƙanin mahaifina ke kora su daji, amma daji ya daina shiguwa, sai aka ɗaure su a gida. Bazarar da ta wuce harawa ta ƙare tun kafin ruwa ya sauka, saniya guda ta kwanta ba ta ƙara tashi ba. Kowa a gidan ya san in aka sake irin wannan bazarar, turken zai ragu.

A makaranta an koya mana sailej, wato a yanki ciyawa tana ɗanya, a daddatsa, a danne ta a rami, a rufe yadda iska ba za ta shiga ba, ta tsumu ta jira rani. Na rubuta komai a littafina har da zane. Matsalar ita ce ni ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, ni kuma ban taɓa zama na yi doguwar magana da shi ba. Duk abin da ke tsakaninmu ta bakin kakata yake bi. Ita na yi wa bayani, ta kai masa, ya ce a gwada.

Muka haƙa rami biyu, muka shimfiɗa leda. Muka yanko gamba da kyasuwa kafin su fid da kai, muka bar su suka ɗan sha rana, muka daddatsa da adda. Kowane shimfiɗi sai na yayyafa ruwan mazarƙwaila, mu tattake, mu mirgina duro cike da ruwa a kai. Nakan damƙi ciyawar in matse, in ga ko ruwa zai ɗiga. Da muka gama muka rufe da leda, muka bi da ƙasa. Kakata tana daga inuwa tana cewa, "Wanga miji nawa, ana shanya abinci a bisa, kai kana yi mishi kabari."

Kwana uku bayan haka, da hantsi, na zagaya na tarar da Baba a kan rami na farko tare da wani abokinsa. Ya tone ƙasar, ya huda ledar wuri huɗu, yana cusa gora mai rami a ciki.

"Na sa hannu na ji zafi," yake ce wa abokin, ba ni ba. "Ko hatsi a rumbu sai ya sha iska. Abu ɗanye a toshe shi haka, ai ruɓewa zai yi."

"Gaskiya ne, Alhaji," in ji abokin. "Yaran boko ba su san ajiya ba."

Na san ɗumin nan na kwanakin farko ba komai ba ne, na kuma san iskar da yake ba ta hanya ita ce za ta kashe ciyawar. Maganar tana bakina. Na dubi abokin, na dubi ƙasa. Baba ya ce gobe zai yi wa ɗayan. Na ce, "To." Na koma ɗaki na rubuta kwanan wata da adadin hudar a littafina, kamar rubutun zai toshe su.

Da la'asar na je wurin kakata na faɗa mata. Ta ajiye tsintsiyar da take ɗaurewa.

"Kana tsaye ya huda? Mi ka ce mishi?"

"Na ce to."

"Kai, an yi asarar kuɗin makaranta. Bakin naka na cin tuwo ne kawai?"

Washegari ta ɗauki tabarmarta ta shimfiɗa a kan rami na biyu, ta zauna tana jan carbi. Da Baba ya iso da gorarsa ta ce wannan ramin na mijinta ne, ba mai taɓa shi. Ya yi dariya, ya ce shi ke nan, a bar ɗaya da iska ɗaya babu, rani zai raba gardama. Ina tsaye a wurin. A ranar ma da an zare gorar an liƙe ledar, da an ceci mafi yawa. Ban iya cire abin da ya sa da hannunsa ba, ban kuma iya cewa ya cire ba. Hutu ya ƙare na koma makaranta.

Na dawo da bazara, harawa ta kusa ƙarewa. Muka fara buɗe ramin Baba. Ciyawar ta yi baƙi, ta yi fumfuna, warin ya kori har kaji. Muka buɗe na biyu, ta fito ruwan ɗorawa-ɗorawa, tana ƙanshin tsami mai daɗi. Shanun suka shinshina, suka ja baya, zuwa yamma suna ture juna a kanta.

Rami ɗaya ba zai riƙe shanu shida har ruwa ya sauka ba. Ranar kasuwa aka kora biyu, ciki har da jar saniyar da Baba ya raina tun tana maraƙa. Da ya dawo ya same ni ina kwashe ruɓaɓɓiyar ciyawar zuwa gona. Sai ya yi mini magana kai tsaye, ba ta bakin kowa ba.

"Ran da na huda, ka san haka za ta yi?"

"Na sani, Baba."

"Da ka hwaɗi."

Ya wuce wajen turke.

Yanzu duk ƙarshen damina rami uku muke yi, Baba ne ma ke bin gefen leda yana neman inda ta yage. Littafin yana nan, da kwanan watan da hudar guda huɗu. Abin da na koya shi ne, shirun da na yi a ranar na ɗauka ladabi ne, alhali kaina na saukaƙa wa, Baba kuma ya biya da jar saniyarsa. Tun daga lokacin, in na san abu zai lalace, nakan durƙusa, in sunkuyar da kai, in faɗa.